.357 ko .44: wace bindiga mai liba zan saya don farautar barewa?

Wani ƙanenmu da ke zaune a Kolambus ta jihar Ohayo ya turo min tambaya, ya ce abokan aikinsa sun matsa masa sai ya bi su farautar barewa bana, ya leƙa shagon bindiga ya ga dogayen nan masu liba a ƙasa, wato hannun da ake ja a mayar don ɗura harsashi, irin na finafinan kaboyi, mai shago ya ce masa harsashin libarba suke ci, akwai .357 akwai .44 akwai .45, shi kuma kansa ya ɗaure. Wacce zai ɗauka, kuma anya harsashin ƙaramar bindiga zai kayar da barewa kuwa?

Toh ƙanena, bari in fara da inda ra'ayina ya tsaya kafin in ja ka da nisa: in wannan ce bindigarka ta farko, ka sayi .357 Magnum, ta ƙarfe zalla, mai tofar da kwanso ta gefe, tsawon bakinta tsakanin inci 16 zuwa 20. Zan faɗa maka dalili, zan kuma faɗa maka inda .44 ta fi ta, don akwai.

Amma kafin maganar harsashi, akwai maganar takarda, kuma ita nake so ka fi riƙewa don na ga 'yan uwa suna ɗaukarta da wasa. In kana da katin zama na dindindin, wato girin kad, dokar tarayya ta ba ka damar saye kamar ɗan ƙasa, ka cike fom 4473 a shago, su binciki sunanka, shikenan. In kuwa da bizar karatu ko ta aiki kake zaune, asalin doka ta hana ka riƙe bindiga da harsashi gaba ɗaya, sai in kana da lasisin farauta mai rai a hannunka, shi ne togaciyar da ta fi shafarmu. Don haka lasisi ne farko, bindiga daga baya. Kuma a Ohayo sabon mafarauci ana buƙatar ya yi kwas ɗin koyar da farauta, ka yi shi da zuciya ɗaya, ba ɓata lokaci ba ne wallahi. Duk abin da zan faɗa nan na Amurka ne, wanda ke karantawa daga gida kar ya ɗauka haka dokar take a Najeriya ko Nijar, ba haka take ba ko kusa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wai ko harsashin libarba zai kayar da barewa. Ai harsashin da ya fito daga doguwar bindiga ba shi ne wanda ya fito daga libarba ba, ko da daga kwali ɗaya ka zaro su. Libarba bakinta gajere ne, inci 4 ko 6, albarushi bai gama ci ba dalma ta riga ta fice, wutar nan da kake gani tana tartsatsi a baki ƙarfi ne ya tafi a banza, sannan ga 'yar tazara tsakanin ganga mai juyawa da bututu inda iska ke tsiyaya. Doguwar bindiga ba ta da wannan tazarar, kuma ta ba albarushin hanya mai tsawo ya yi ta turi. Ka ɗauki .357 mai nauyin giren 158, wajen giram 10 kenan. A libarba gudunsa bai fi ƙafa 1,250 a sakan ba, a bindiga mai baki inci 18 yana kaiwa 1,700 har 1,800. Shi kuma ƙarfin duka ba a layi ɗaya yake hawa da gudu ba, ninkuwa yake, don haka wannan ƙarin ya kusan ruɓanya ƙarfinsa biyu. .44 Magnum mai giren 240 shi ma haka, daga wajen 1,200 ya haye 1,750. Kaga kenan ba abin rainawa ba ne. Barewar yankinku, mai farin bindi, babban namiji kan haura kilo 80, kuma duka biyun suna kayar da shi in an sa a inda ya dace.

Sai dai akwai iyaka, kuma ita ce gaskiyar da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba. Waɗannan harsasai masu faɗin kai ne, iska na cinye gudunsu da wuri. In ka saita .44 a yadi 100, kafin ya kai 150 ya sauka fiye da faɗin tafin hannu, a 200 kuwa kusan kamu guda. Ni a wurina .357 bindigar yadi 75 ce, in an matsa 100, .44 kuma 100 zuwa 125. Wanda yake so ya harbi dabba daga wancan ƙarshen gonar masara, wannan ba kayansa ba ne, ya nemi wata.

Me ya sa to mutane suka raja'a a kansu a yankinku? Doka ce. Shekara da shekaru jihohin nan masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gidaje kusa-kusa sun hana farautar barewa da manyan raifuloli don harsashinsu na tafiya da nisa, shotgan kawai ake ɗauka ko mai ɗuri ta baki. Indiyana ta buɗe ƙofa ga dogayen bindigogi masu harsashin libarba a 2007, Ohayo da kudancin Mishigan suka biyo a 2014, Ayowa a 2017. Sharaɗin Ohayo shi ne kwanson ya zama miƙaƙƙe, mara wuya irin na kwalba, faɗin dalmarsa daga inci .357 zuwa .50. Shi ya sa .30-30, wadda ita ce sarauniyar bindigogi masu liba a sauran Amurka, ba ta halatta a wurinku ba, kwansonta mai wuya ne. Wani abu kuma, ko bindigarka na ɗaukar harsashi 10, a dajin Ohayo uku kacal aka yarda ka zuba, har da wanda ke ciki. Ka riƙa duba ɗan littafin dokar da hukumar namun daji ke fitarwa duk shekara don sukan yi gyara.

Shi wannan haɗin na doguwa da gajeriya su ci harsashi ɗaya tsoho ne fa. Winchester ta fito da samfurin 1873 da harsashin .44-40, bayan 'yan shekaru Colt ta ƙera libarba mai cin shi, sai ya zama makiyayi a kan doki jaka ɗaya ta ishe shi. Daga baya John Browning ya zana samfurin 1892, kuma har yau yawancin abin da za ka gani a shago jikokin waɗannan ne, ko na Marlin 1894.

To me ya sa na ce .357? Saboda atisaye. Ni abin da na gani tsawon shekarun da nake wannan harka, ba ƙarancin ƙarfin harsashi ne ke sa dabba ta gudu da rauni ba, rashin iya harbi ne, kuma iya harbi ba ya zuwa sai da ɗaruruwan harsasai. Bindigar .357 tana cin .38 Special, faɗinsu ɗaya, kwanson .38 ne dai ya ɗan gaza tsawo, kuma yana cikin harsasai masu sauƙin kuɗi da ake samu ko'ina. In ka zuba .38 a doguwar bindiga kusan ba ka jin komai a kafaɗa, ƙarar ma ba ta kai ta kawo ba, za ka iya wuni kana harbin takarda da gwangwani kana koyon numfashi da jan kunama. Ita ma .44 Magnum tana cin .44 Special, amma shi tsada gare shi kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Sannan .44 a bindiga mara nauyi, irin mai ƙasa da kilo 3 da gindin ƙarfe, tana naushi sosai. Ba ta karya kafaɗa, amma sabon hannu bayan harbi 15 zai fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ta tashi, kuma in wannan ɗabi'ar ta shige ka fitar da ita aiki ne ja.

Na taɓa tsayawa bayan wani bawan Allah a filin atisaye, ya sayo .44 sabuwa fil, harsasansa duk suna sauka ƙasa ta hagu, yana ta murɗa saiti yana cewa bindiga ce ba daidai ba. Na roƙe shi ya ba ni in zuba masa, na ba shi ita ba komai a ciki bai sani ba. Hama, wato ƙarfen baya da ke dukan allurar tayar da harsashi, ta faɗa ƙyas, sai ga bakin bindiga ya dulmiya ƙasa kamar an ja shi da igiya, idonsa a rufe ruf. Shi da kansa ya ga abin. Na ara masa tawa da .38, kafin la'asar yana tara biyar a wuri ɗaya da za ka rufe da murfin kofi.

Inda .44 ta yi gaba kuwa ba zan ɓoye maka ba. Raminta ya fi faɗi, jini ya fi zuba, in dabba ta ruga cikin duhuwa bin sawunta ya fi sauƙi, in kuma harsashi ya gamu da ƙashin kafaɗa ya fi iya ratsawa. In da ka ce min ka daɗe kana harbi, farauta kawai za ka yi da ita, kwali biyu ya ishe ka shekara, ko kana da niyyar zuwa inda ake da baƙin beyar, da .44 zan ce maka ba tare da jinkiri ba. Ita .357 tana so ka zama mai haƙuri, ka jira dabba ta ba ka gefe, ka sa a bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke. Mu kuma da muke ambaton sunan Allah kafin mu saki harbi, muna kuma hanzarin isa da wuƙa in da sauran rai, wannan haƙurin ai dama wajibinmu ne, bai kamata a bar dabba ta kwana a daji tana shan azaba saboda gaggawarmu ba.

.45 Colt kuma, harsashi ne mai tarihi tun 1873, mai daɗin harbi, amma ba na ba sabon shiga shawararsa. Wanda ake sayarwa na yau da kullum an yi shi da sanyi saboda tsofaffin bindigogi, masu zafin kuma ba kowace bindiga ke ɗaukarsu ba, in ka zuba su a samfurin 1873 kana wasa da fuskarka. Harsashi ne na wanda ya san abin da yake karantawa a jikin kwali.

Sai zaɓen dalmar kanta, nan mutane da yawa ke tafka kuskure. Harsashin .357 mai giren 125 da rami a ka an yi shi ne don gudun libarba, in ka ƙara masa gudun doguwar bindiga yana iya tarwatsewa a kan fata da ƙashi bai shiga ciki ba. Na barewa ka nemi giren 158 mai taushin kai ko giren 180. A .44 giren 240 mai taushin kai ya wadatar. Kuma ka sani harsasan nan a cikin bututu suke jere ƙarƙashin bakin bindiga, kan wannan a gindin wancan, daidai wurin da allura ke bugawa. Shi ya sa ba a zuba mai tsinin kai mai tauri, don girgizar harbi na iya tayar da na gaba a cikin bututun. Mai faɗin kai ko mai rami ake sawa, sai irin na Hornady mai kan roba mai laushi da aka yi musamman don haka. Akwai kuma wani .38 na harbin takarda da dalmarsa ke nutse cikin kwanso baki ɗaya, kansa a shafe, wannan ba ya hawa, zai cije maka liba a tsakiya. Wasu bindigogin ma .38 na yau da kullum sukan yi masa tsirfa saboda gajartarsa, don haka kar ka sayi katan guda sai ka gwada kwali ɗaya. In ka wuni kana harbin .38, ka goge ɗakin harsashi da burushi kafin ka koma .357, don yana barin zoben datti a gaba wanda zai riƙe dogon kwanso. Kuma kar ka manta wurin da .38 ke sauka daban ne da na .357, saitin ƙarshe kafin farauta da ainihin harsashin da za ka shiga daji da shi ake yinsa.

Bari mu zo kan bindigogin. Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, za ka ɗora madubin saiti ko a'a? Samfurin Winchester 1892 da 1873 da duk kwafinsu ta sama suke watso kwanso, don haka madubi ba ya zama a bisa kansu yadda aka saba. Marlin 1894 da Henry Big Boy ta gefe suke fitarwa, samansu a rufe yake da ramukan kusoshi a shirye. Ka tuna lokacin farautarku ƙarshen Nuwamba ne zuwa farkon Disamba, Litinin ɗin da ke bin bikin godiyarsu ake buɗewa, barewa kuma da asuba take fitowa ko dab da magariba, cikin itatuwa, haske kaɗan. A irin wannan lokacin saitin ƙarfe ɓacewa yake a jikin dabba. Ƙaramin madubi mai ƙara girma sau 1 zuwa 4, ko mai jan ɗigo, ya fi maka komai. Shi ya sa na ce mai fitarwa ta gefe.

Marlin ta sha canjin hannu, Remington ta saye ta a ƙarshen 2007, da Remington ta durƙushe a 2020 Ruger ta karɓa, yanzu ita ke ƙera su. Tsofaffin da aka yi a asalin masana'antar Konetikat suna da tambarin JM a gindin bututu kuma masu sayarwa na tsuga musu kuɗi. Henry a Amurka ake yinta, libarta santsi gare ta tun daga kwali, sai dai ka lura da abu biyu. Mai ruwan tagulla ɗin nan da ke ɗaukar ido ta doshi kilo 4, ta ƙarfe ta fi ta sauƙi da fiye da rabin kilo, kuma bayan awa huɗu kana hawa tudu da rigar sanyi za ka san bambancin, ga ƙyalli da ba a so a daji. Na biyu, tsofaffin Henry ta gaban bututun ajiyar harsashi na ƙasa kawai ake zuba musu harsashi, sababbin suna da ƙofar gefe kuma sun riƙe ta gaban, wannan na fi so, ka zuba ta gefe, in za ka sauke ka zare bututu ka zazzage. Rossi R92 ta Burazil kwafin 1892 ce, ita ce mafi araha kuma mafi rashin nauyi, ƙirar ciki mai ƙarfi ce, sabuwarta kan zo da ɗan tauri sai an yi ta harbi take sakewa. In idonka garau ne kuma aljihu ya yi ƙasa, ba abin kunya ba ce ko kaɗan. Masu sunan Winchester na yanzu kamfanin Miroku ke yinsu a Japan, aiki mai kyau, kuɗi mai yawa. Uberti ta Italiya na yin kwafin 1873, ita ce 'yan gasar kaboyi ke so don saurin libarta, amma makullinta na ciki da ke tare harsashi lokacin harbi bai kai na 1892 ƙarfi ba kuma tana da nauyi. Smith & Wesson ma ta shigo kasuwar a 2024 da samfurin 1854.

In ka je shago kar ka tsaya kallo daga nesa. Ka nemi izini, ka buɗe liba ka leƙa da idonka ka tabbatar ba komai, ka ɗora a kafaɗa ido a rufe sannan ka buɗe, ka ga ko saiti ya zo daidai idonka ko sai ka lanƙwasa wuya. Ka ja liba har ƙarshe ka mayar da ƙarfi, don bindiga mai liba ba ta son lallaɓawa, yawancin cijewar da ake kuka da ita rabin ja ne ke kawo ta. Ka danna ƙofar gefe da babban yatsa ka ji taurinta, wata tana da kaifin da za ta yanke ka, musamman da sanyi. Dabarar zubawa ita ce kar ka tura harsashi ya shige duka, ka bar gindinsa a waje ka turo shi da na bayansa, sai na ƙarshe kaɗai za ka cusa da yatsa. Ka gwada zoben liba da safar hannu irin wadda za ka sa a daji, in yatsunka ba su shiga ba akwai masu faɗin zobe.

Abu na ƙarshe da ke damuna game da irin wannan bindiga shi ne hama. Da zarar ka ja liba ka mayar, harsashi na ciki, hama a ɗane, saura kunama kawai. In ba ka harba ba dole ka sauke hamar da babban yatsa kana jan kunama a hankali, kuma yatsan da sanyi ya ƙanƙare yana suɓucewa. Marlin tun 1983 tana da maɓallin tsaro da ke tare hama, Henry ba ta da maɓalli amma tana da wani ƙarfe a ciki da ke hana hama taɓa allura sai an ja kunama, Rossi nata ƙarami ne a sama. Kowacce ka saya, ka sayi harsasan roba na koyo ka yi ta sauke hama a gida har hannunka ya haddace, baki na kallon inda ba kowa. In za ka hau bishiya ko ka tsallake shinge, ka cire na ciki tukuna. Ka sa rigar ruwan lemo da doka ta wajabta, ka toshe kunne a filin atisaye, a gida kuma akwati mai makulli, harsashi a wani wurin daban, balle kai da ka ce min akwai yara ƙanana a gidan.

Kafin Nuwamba ka samu faranti na takarda irin na cin abinci, faɗinsa kusan daidai da wurin da kake nema a ƙirjin barewa. Ka kafa shi a yadi 50 ka harba biyar a tsaye, biyar a durƙushe, ba a kan tebur ba. In duk sun shiga ka matsar da shi 75, sannan 100. Inda ka fara zubar da ɗaya a waje, ka dawo baya taki ɗaya, wannan nisan shi ne naka na bana.